Yadda Kwamfutar Unguwarmu Ta Kulle Mu A Waje

A ɗakin karatu na unguwarmu, wanda ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta gina a jikin katangar makarantar firamare, akwai kwamfuta guda ɗaya tilo a kan teburin da ke kusa da taga. Ni ne sakataren kwamitin da ke kula da ɗakin, muƙamin da ba shi da albashi sai yawan zama da ɗaukar laifi. Shekara biyar cur kwamfutar nan tana aiki ba wanda ya taɓa kawo ƙararta gabana, har ma na kusa mantawa da cewa tana cikin kayan da aka damƙa mini amanarsu. Sai wata Litinin a cikin damunar 2023 malamin ɗakin, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin koyarwa, ya kira ni da hantsi ya ce, "Malam Sakatare, ka zo ka gani, injin nan naku ya yi yaji."

Da na isa sai na tarar ba abin da ya ƙone, ba abin da ya fashe. Kwamfuta tana tashi lafiya lau, firinta na nan da ranta, intanet ma akwai. Amma duk shafin da aka nema sai ta fito da wani gargaɗi da Turanci, wai agogonta yana baya, saboda haka ba za ta buɗe ba. A ƙasan gargaɗin ga kwanan watan da take ɗauka ana ciki: 1 ga Janairu, 2012. Na yi dariya na ce ai wannan ƙaramin alhaki ne, a gyara agogo mana. Dattijon ya dube ni irin kallon da malami ke wa ɗalibin da ya yi saurin ɗaga hannu, ya ce, "To bisimilla, gyara." Na zauna, na kama ɓeran kwamfutar, na lalubi kowace kusurwa ta allon. Babu agogo, babu hanyar zuwa wurin saituna, babu komai in ban da wannan shafi mai gargaɗi.

Dole in koma baya kaɗan don mai karatu ya gane inda muka makale. A 2018 aka turo wa makarantar wani matashi mai yi wa ƙasa hidima, wanda ya karanci ilmin kwamfuta, yaro mai ladabi da himma. Shi ya ga yadda yara suka mayar da kwamfutar gidan wasa, suna cika ta da finafinai da waƙoƙi da ƙwayoyin cuta da ake kwasowa a filash, ya nemi izinin kwamiti ya kulle ta. Ya yi aikin kamar mai gina gidan da ya san ɓarayi sun taɓa shiga. Ya sa da zarar an kunna ta ba abin da zai bayyana sai manhajar shiga intanet, ta cika allon duka, wannan shi ne zaure. Wanda ya wuce zauren zai iske kansa a matsayin baƙo, ba shi da ikon sa wata manhaja ko cire ta, ko taɓa agogo, sai da kalmar sirrin maigida. A bayan wannan kuma ya ɗora wata manhaja mai daskarar da rumbun ajiya, wadda ke mayar da kwamfuta yadda aka bar ta tun farko duk lokacin da aka kashe aka sake kunnawa, ita ma da tata kalmar. Daga ƙarshe ya datse bayos, wato ɗan tsarin nan da ke tayar da kwamfuta tun kafin Windows ta farka, don kada wani ya zo da filash ya tayar da ita ta bayan gida. Ya gama hidimarsa, muka yi masa walima da takardar yabo, ya koma garinsu a kudu.

Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Duk wanda ya san shagunan intanet na farkon shekarun 2000, zamanin Windows XP, lokacin da ake sayen awa guda a ƙare rabinta ana jiran shafi ya buɗe, ya san abin da hannu da yawa ke yi wa kwamfuta. Wannan ya sauya mata hoton bango, wancan ya goge abin da bai san amfaninsa ba, na uku ya bar akwatin wasiƙunsa a buɗe ya tafi. Masu shagunan da suka san abin da suke yi sun dogara ne da manhajoji irin Deep Freeze na kamfanin Faronics da ke Kanada. Kamfanin Microsoft ma ya taɓa bayar da irin tasa kyauta, mai suna SteadyState, kafin ya daina raba ta a ƙarshen 2010, sannan a Windows 8.1 ta 2013 ya shigo da tsarin da ke ɗaure kwamfuta ga manhaja guda. Injin cirar kuɗi na banki, da allon da matafiyi ke latsawa a filin jirgin sama ya karɓi takardar shiga jirgi, duk dangi ɗaya ne da tamu: kwamfuta ce cikakkiya aka sa mata takunkumi, aka bar mata aiki ɗaya. In ba don takunkumin ba, da tamu ba ta kai wata uku ba, balle shekara biyar.

Na san akwai mai cewa, a wannan zamani da kowa ke da waya a aljihu, me za a yi da tsohuwar kwamfutar tebur? Mai wannan magana ya zo ya zauna a ɗakin nan yini guda. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, yaron da bai taɓa riƙe ɓera ba sai ranar jarrabawa ya shiga da nakasu, kuma a nan 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ke zuwa su saba da hannunsu. A nan ake cike takardun neman aiki da na tallafin karatu, waɗanda ke son a ɗora hoton takardar shaida mai ƙayyadadden nauyi, a kuma buga rasit a kan takarda. Wayar da ke gidan galibi ta uba ce, yana fita da ita tun asuba. A makon da abin ya faru kuwa, yara uku ne ke tsakiyar cike takardar neman wani tallafin karatu da za a rufe ranar Juma'a.

Muka fara da abin da kowa ke farawa da shi, wato canke. Muka gwada sunan makarantar, da sunan unguwa, da sunan yaron, da shekarar da ya yi hidima, da 1234 da ƙannensa. Muka kira lambar da ya bar mana, aka ce ba ta aiki. Shugaban makarantar da ya san shi an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ko sunan yaron bai taɓa ji ba. Na fusata ƙwarai a ranar, na faɗi maganganu a gaban mutane game da yaran zamani da ke tafiya da makullin mutane a aljihu.

Ranar Talata wani ɗan sakandare da ke yawan zuwa ɗakin ya ce a ba shi minti biyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yaron nan ya daɗe da sanin inda tsagar take. Ta wurin da ake zaɓar inda za a adana takarda ya sulale, sai ga shi a cikin manyan jakunkunan kwamfutar, ya buɗe wannan ya buɗe wancan, 'yan uwansa na tafi. (Daga baya na gane cewa ta wannan hanya suka shekara suna kallon ƙwallo a bayan idon dattijo.) Amma da ya je kan agogo sai ta nemi kalmar maigida, ya tsaya cak. 'Yan gyare-gyaren da ya samu ya yi kuwa, ana ɗauke wuta aka dawo da ita suka bi ruwa, kwamfuta ta koma yadda mai hidima ya bar ta a 2018, kamar ba a taɓa ta ba.

Ranar Laraba ma'ajinmu ya kawo wani mai gyara daga kasuwa. Bai ko zauna ba ya yanke hukunci: a cire rumbun, a yi masa fomatin, a zuba sabuwar Windows, kafin la'asar an gama. Na kusa amincewa, domin Juma'a na matsowa. Dattijon ne ya miƙe ya dafa kwamfutar da hannu biyu, ya ce sai dai a bi ta kansa. Ashe mai hidima ya ware wani ɓangare na rumbun da bai daskarar ba, ya koya wa dattijon yadda zai riƙa shigar da sunayen littattafai ta wani ɗan shafi da ya tsara masa. Shekara biyar yana yi da yatsa ɗaya, littafi bayan littafi, da sunan wanda ya bayar da shi sadaka, da wanda ya ara bai dawo da shi ba. Har da jerin wasu rubuce-rubucen ajami da iyalan wani malami suka kawo ajiya bayan rasuwarsa, kowanne da bayanin abin da ya ƙunsa, wanda dattijon ya zauna da babban ɗan marigayin suka tantance. Babu kwafin wannan aiki a ko'ina. Ni sakatare ban ma san da shi ba. Muka sallami mai gyara da kuɗin mota, muka haɗa wa yaran uku kuɗi su je shagon intanet na bakin titi su ƙarasa cike takardunsu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan cuta ta ƙananan wurare irin namu ce kawai. A watan Yulin 2008, a birnin San Faransisko na Amurka, wani injiniya mai suna Terry Childs, wanda shi kaɗai ke riƙe da kalmomin sirrin babbar hanyar sadarwar hukumar birnin, ya ƙi miƙa su ga shugabanninsa. Hanyar sadarwar ta ci gaba da aiki, amma masu ita ba su da ikon taɓa ta. Aka kama shi aka tsare, bai saki kalmomin ba sai da magajin garin na lokacin, Gavin Newsom, ya taka da kansa har gidan yari ya karɓa. A 2010 kotu ta same shi da laifi, aka yanke masa shekara huɗu. An yi ta muhawara a kan ko mugu ne ko kuwa mai kishin aikinsa ne da ya wuce gona da iri, amma tambayar da ta fi damuna ita ce ta shugabannin nasa: yaya aka yi birni guda ya yarda makullinsa ya zauna a kan mutum ɗaya tsawon lokaci, ba wanda ya tambaya sai da rikici ya tashi? In an rage girman abin, tambayar da ta dace da kwamitinmu ke nan. Ita ce kuma ta dace da makarantu da ofisoshi da dama da na shiga na ga kwamfutoci a jere an lulluɓe su da leda, in ka tambaya a ce wanda ya san kansu an yi masa canji.

Mafita ta zo ne ta hannun 'yar wani abokina, injiniyar kwamfuta, wadda ta ce ba za ta samu zuwa ba sai Asabar ta sama. Abin da ta fara nema ya ba ni mamaki. Ta ce, "Baba, ina son takarda daga kwamiti, da sa hannun shugaba da naka, cewa kwamfutar taku ce kuma ku kuka sa ni in buɗe ta." Na ce, "Haba 'yata, tsakaninmu har sai da takarda?" Ta ce dabarar da za ta yi amfani da ita ba ta da bambanci da ta ɓarawo ko kaɗan, takardar ce kawai ke raba su. Ta tuna mini cewa dokar laifuffukan intanet ta 2015 tana da sashe a kan shiga kwamfuta ba da izini ba, kuma ita ba ta son wata rana wani ɗan kwamiti ya tashi ya ce an yi kutse a bayan idonsa. Na rubuta takardar, na bi shugaba har gida ya sa hannu.

Da ta zo, ba ta ko kunna kwamfutar ba. Ta kwance murfin, ta ciro rumbun ajiyar, ta haɗa shi da tata, ta kwafe shi ɗungurungum zuwa wani rumbun, aikin da ya ci fiye da awa biyu muna zaune muna shan shayi. Sai da ta buɗe kwafin ta nuna wa dattijo jerin littattafansa, ya ga sunayen da idonsa ya yi hamdala, sannan ta juya kan gyara. Ta nuna mini wani ɗan batiri mai kama da kwabo a kan babban allon cikin kwamfutar, ana ce masa CR2032, ƙarfinsa bolt 3 ne kacal. Aikinsa shi ne riƙe agogo yana tafiya a lokacin da babu wuta. Shi ne ya mutu bayan shekara goma sha ɗaya, agogo ya koma ranar farko. Shafukan intanet masu tsaro kuwa kowanne yana ɗauke da wata shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da ke zaune a 2012 in aka nuna mata shaidar 2023 sai ta ce wannan lokacinta bai yi ba, ta ƙi karɓa. Kuɗin batirin bai kai na shayin da muka sha ba.

Saura kalmar da ke kan bayos. A wasu kwamfutocin, cire batirin kawai na goge ta, amma a irin tamu ta ofis, masu ƙera ta sun tanadi wani ɗan mahaɗi na roba a kan allon, wanda mai kwamfuta zai zare ya kunna, kalmar ta goge. A littafin bayanin kwamfutar ma an rubuta yadda ake yi, domin sun san ana mantuwa. Wannan ne ya sa, in ji ta, kwamfutar jama'a ta gaskiya ake sa ta a akwatin ƙarfe da kwaɗo, domin duk wanda hannunsa ya kai cikinta ya gama da ita. Ta zare, ta mayar, ta sa sabon batiri, ta daidaita agogo. Shafuka suka fara buɗewa.

Na ɗauka an gama, ta ce da sauran rina a kaba. Kwamfutar tana kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun 14 ga Janairu, 2020, kuma saboda daskarewar, ko gyare-gyaren da aka fitar kafin wannan rana ba su zauna a cikinta ba. Takunkumin da ya kare ta daga yara shi ne ya hana ta shan magani. Windows 11 ba za ta hau wannan tsohon ƙarfe ba, Windows 10 kuma an riga an sa mata ranar 14 ga Oktoba, 2025, ranar da ta zo ta wuce yanzu. Ta ba da shawarar a zuba Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, a sake kulle ta yadda jama'a za su yi aikinsu, amma a bar ƙofar da gyaran tsaro zai riƙa shiga. Muka amince.

Wurin kwashe kaya ne muka ci karo da abin da ya sanyaya mini jiki. A ɓangaren da ba a daskarar ba, kusa da jerin littattafan, akwai wata jaka da sikana ke zuba duk abin da aka ɗauka. Shekara biyar ba wanda ya share ta. Takardun haihuwa, sakamakon jarrabawa, katin shaidar ɗan ƙasa, takardar asibiti ta wata baiwar Allah, takardar rabon gado ta wani gida da na sani sarai. Yarinyar ta rufe jakar da sauri ta ce, "Baba, wannan ba namu ba ne." Na tuna ɗan sakandaren nan da tsagar bangonsa, na tambayi kaina ko shi da abokansa sun taɓa leƙawa. A watan Yunin shekarar aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta 2023, mu kuwa ga mu zaune a kan asirin rabin unguwa ba mu sani ba. Kwamiti ya zauna a ranar, aka yanke a goge jakar a gaban shaidu, daga rumbun da kuma kwafinsa, a kuma tsara sabuwar yadda duk abin da aka ɗauka zai goge da kansa in an tashi aiki.

Sababbin kalmomin sirrin an rubuta su a takarda biyu, kowace a ambulan da aka liƙe aka sa hannu a bakinsa, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji, aka kuma shigar a littafin taro cewa duk wanda zai bar kujera sai ya miƙa nasa a gaban kwamiti. Jerin littattafan dattijo yanzu yana wuri uku, har da bugagge a kan takarda. Wani ɗan kwamiti ya ce wannan duk ƙauyanci ne, manyan kamfanoni ba sa ajiye sirri a ambulan. Shekara guda bayan haka, ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 a duniya, bisa ƙiyasin Microsoft, har da allunan filayen jiragen sama. Gyaran ya buƙaci a bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuma waɗanda aka rufe rumbunsu da BitLocker sai an shigar da makullin ceto mai lamba 48. Wasu ma'aikatun sun tarar makullan nasu suna ajiye a cikin wata kwamfutar da ita ma ta faɗi. Na yanko labarin na kai masa har gida.

Kwana goma sha biyu ɗakin ya yi babu kwamfuta. Cikin yaran uku, biyu sun samu sun cike takardunsu a shagon bakin titi. Na ukun, maraya ne da ke zaune da kakarsa, hotunan takardunsa suna cikin waccan jaka ta sikana, ainihin takardun kuma suna wurin kawunsa a wani gari. Kafin su iso an rufe.

Bayan wata biyu ina neman wata tsohuwar rasit a cikin fayilolin kwamiti da ke kabad ɗin ɗakina, sai ga wani farin ambulan ya faɗo daga fayil ɗin 2018, a liƙe, da sunana a bayansa da rubutun da na gane nan take. Takardar miƙa aiki ce, shafi biyu. Kalmomin sirrin guda uku suna nan a jere, da bayanin yadda ake narkar da rumbun in za a yi gyara, da shawarar a riƙa share jakar sikana duk Juma'a. A ƙasa ya ja layi ya rubuta cewa batirin agogon ya tsufa, a canza shi kafin shekara biyu. A ranar walimar ya ba ni ita, ina tsakiyar gaisawa da baƙi, na sa a aljihu.

Na karanta takardar a gaban kwamiti a zama na gaba, na kuma janye maganganun da na faɗa a kan yaron a gaban waɗanda suka ji su. Kuɗin rajistar marayan na wannan shekara ni na biya.